Kada Ka Auna Gida da Damina

Bagadaza, Gombe.

Zuwa ga ɗana Modibbo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya tsare ka a fitarka da shigarka, Ya tsare amaryarka Zainabu, Ya sa ƙafar da za ku taka sabon gidanku da ita ta zama ta alheri. Allah Ya raba ku da ciwo, da gobara, da mugun maƙwabci.

Na san za ka yi dariya, ka ce Baba ya rubuto wasiƙa alhali gida ɗaya muke kwana. To, yi dariyarka. Sau uku ina kiranka shagon guga da niyyar in yi maka wannan magana, duk sau ukun sai in ɓuge da tambayarka ko tela ya gama ɗinki. Ka san halinmu da ɗan fari. Ko sunanka na yanka ban taɓa iya kira ba, tunda sunan mahaifina ne, balle in zaunar da kai in baje maka cikina. Ga shi tsakanina da kai shekara ashirin da ɗaya ne kawai, har a kasuwa ana ce maka “gai da yayanka”. Shi ya sa na ɗauki takarda. Ka yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na tsaya a firamare, kai kuwa malamin makaranta ne. In ka ga kuskure ka bar jan bironka a aljihu, wannan ba aikin ɗalibi ba ne.

Saura kwana goma sha biyu a kai maka amarya gidan da ka kama a Federal Low-Cost. Ranar da ka biya hayar shekara ka shigo da fara'a, ka ce, “Baba, an gama da babban abu, saura ƙanana.” Na ce maka madalla. Amma kalmar nan “ƙanana” ta tsaya mini a rai, don ni ma na taɓa faɗinta da irin wannan fara'ar. Ƙananan nan, wato ruwa da wuta da abin girki, su suka kusa raba ni da zaman lafiyar gidana. Haya sau ɗaya take zuwa a shekara, kana ganinta tun daga nesa. Su kuwa kullum suna bakin ƙofa.

Bari in fara da kuskurena na farko.

Kana wata takwas a duniya na ga ya kamata mu bar gidan Bappana mu kama namu. Na samu ɗaki ciki da falo a Madaki, cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Modibbo, da ka ga gidan nan ranar! Rijiya a tsakar gida ta cika, da guntun igiya kake ɗebowa. Indararo na zuba cikin duro. Ɗaki sanyi ƙalau, ko fanka ba ka nema. Na tsaya na yi lissafina a kai: haya kaza, abinci kaza, wuta ɗan abin da ba a rasa ba. Ruwa ko sisi ban sa masa ba. Har na ƙara da cewa wankin mutane ma a gida zan riƙa yi, in huta da sayen ruwa a shago. Na ga riba tun ban shiga ba.

Da na kai Innarka ta ga wurin, tana goye da kai, sai ta zagaya tsakar gidan ta dawo ta ce, “Malam, ga rijiya cike, to me ya sa kowane ɗaki da jarkoki jere a bayan ƙofa?”

Na ce, “Ke dai mata da son tara tarkace.”

Ta ce, “To.”

Mun tare. Damina ta wuce lafiya, sanyi ya wuce lafiya. Cikin Fabrairu na ƙara wa guga igiya. Cikin Maris na sake ƙarawa, ruwan ya koma ja kamar kunun kanwa. Afrilu na shiga, guga ya fara dawowa da laka zalla. A lokacin na gane amfanin jarkokin bayan ƙofa. Duk gidan sun sani, ni kaɗai ne baƙo. Muka koma jiran 'yan ga-ruwa da kurarsu, su kuma ka san yadda suke a bazara: kuɗin jarka ya hau, kuma sai wanda suka ga dama suke tsaya wa. Abin da ban sa wa ko sisi ba ya zo ya fi kuɗin cefanen miya.

Saboda haka abu na farko: gida ba a auna shi da damina. Kai ma cikin ruwa ka je ka duba naka, ka dawo kana ba mu labarin famfo na zuba har a banɗaki. Na ji daɗi, amma ba wannan nake son sani ba. Ina son sanin yadda famfon nan yake a Afrilu, lokacin da mutum zai watsa ruwa ya fito ya ji kamar bai watsa ba. Mai gida ba zai faɗa maka ba, dillali ma haka. Bayan ƙofar maƙwabta za ta faɗa maka. Ka duba ko da jarkoki, ka duba ko sawun tayar tankar ruwa ya ci bakin get, ka tambayi mai kura sau nawa yake shiga layin. Duk lissafin da za ka yi, da watan da ya fi tsanani za ka yi shi. In damina ta zo ka ga rara, ka ajiye ta, ba taka ba ce, ta bazara ce.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi yi mini nauyi, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Da ruwa ya fara cin aljihuna, ban ce na yi wauta ba. Namiji ɗan shekara ashirin da biyu ba ya cewa haka. Sai na nemi wanda zan ɗora wa, kuma wanda ya fi kusa ita ce Innarka. Jarka shida nake saye kullum a juye a duro. In na dawo da la'asar in tarar ya yi ƙasa, sai in fara.

“Wai ke shan ruwan nan kike yi, ko ƙasa kike wa wanka?”

Ta ce, “Girki na yi, na wanke tsumman yaro, na yi alwala.”

“Girkin gidan biki?”

Ta ci gaba da aikinta. Ka san ta.

Wata safiya, kafin in fita kai kayan mutane, na ɗauki gawayi daga cikin dutsen guga na ja layi a jikin duron, daidai inda ruwa ya tsaya. Wai in na dawo in ga nawa ta taɓa. Tana tsaye a bakin murhu tana kallona na ja shi. Ban ɓoye ba ma, so nake ta gani. Kullum da safe sai in goge na jiya in ja sabo. Kusan wata biyu ina haka.

Ruwa kuwa ya ɗan ragu, har ina jin ni gwani ne. Ban san yadda aka yi ya ragu ba sai daga baya. Ashe ta koma wanka da buta ɗaya da rabi, mace mai shayarwa, cikin zafin Gombe. Ashe ruwan ɗaurayar kayan mutane da nake zubarwa take tarewa a bokiti ta wanke tsummanka da shi. Ƙuraje suka feso maka a cinya da gadon baya, kana kuka ba a san dalili ba, ni kuma ina cewa zafi ne.

Sai aka yi haihuwa a gidansu a Dukku, ta tafi da kai kwana bakwai. Na ce yawwa, yanzu zan ga gaskiya, jarka biyu za ta ishe ni. Ranar farko na sayi biyu, kafin azahar babu. Na ƙara biyu, kafin magariba babu. Kashegari na ce bari in bi kaina da ido yadda nake bin ta. Wanka biyu, don mai guga da gawayi ba ya kwana da zufa. Ɗaurayar kayan mutane, wadda nake cewa “bari in ɗan ƙara sau ɗaya” ina kamfata daga duron gida ba na ƙirgawa. Jiƙa sitaci. Yayyafa wa manyan riguna kafin guga. Wanke bahon wanki. A cikin jarka shida, biyar ni nake cinyewa. Ita da kai, da girkin da ni ma nake ci, jarka ɗaya kuke rabawa.

Na zauna a bakin duron nan na daɗe. Sannan na jiƙa tsumma na goge layin tas. Na ware duron sana'a daban, na gida daban. Ranar da ta dawo ta ajiye ka, ta je ɗiban ruwa, na ga ta tsaya tana duba jikin duron. Ta duba ciki, ta duba waje. Ta kamfata ta cika bokiti har baki, ta yi maka wanka, ta yi nata. Daga ni har ita, ba wanda ya taɓa tayar da maganar layin. Shekara ashirin da uku ke nan.

To ga abin da na koya, na ba ka kyauta, ni da tsada na saya. Kafin ka tambayi Zainabu ina ruwa ya tafi, ka bi kanka da ido kwana bakwai. Kuma lissafin gida ba a yin sa a kan mace, da ita ake yi. Ita ke wuni a ciki, ta fi ka sanin abin da tukunya ke sha. Ku ƙirga tare: wanka nawa, girki nawa, wanki ranar wace, banɗakin zamani kuma ka sani duk ja ɗaya kusan bokiti ne ya tafi. Abin da kuka samu a mako ku ninka huɗu, ku ɗora kwana biyu a kai. Ban rubuta maka naira ba da gangan, don farashin yau ba ya kai wa jibi. Ka riƙe lissafinka da jarka, da kwana, da yunit. In ka san gidanka jarka kaza yake sha, ko farashi ya hau ko ya sauka, tambaya ɗaya za ka yi wa mai kura ka san inda kake.

Na uku, maganar wuta. Wannan a nan Bagadaza aka yi, kana aji ɗaya, ba lalle ka tuna ba. A lokacin babu mitar kati, mita ɗaya ce ga ɗaki tara, irin mai faifan nan da ke juyawa a bayan gilashi. In takardar wuta ta zo sai a raba da kaso: ƙwan lantarki kaso ɗaya, rediyo ɗaya, fanka biyu, talabijin biyu. Ni aka ba rabon, wai ina da haƙuri kuma ba na cin na kowa. A shekarar na sayi dutsen guga na lantarki, na sa masa kaso biyu kamar fanka. A ganina adalci na yi, tunda ga shi ɗan ƙarami, fanka ma ta fi shi girma.

Takarda ta fara zuwa da nauyi. Wata na farko aka yi gunaguni, na biyu aka fara harara. Ni kuwa na zauna na yi nazari irin nawa, na ce lalle wani ya ɓoye hita yana dafa ruwa. Zargina ya faɗa kan Maman Rifkatu, matar Malam Bitrus kafinta, mutanen Kaltungo, don ita ke dama kunun sayarwa da sassafe. Ranar taron gida na buɗe baki na faɗa a gaban kowa.

Ta miƙe ta ɗaga labulenta ta ce, “Shiga, Mai Guga. Ka duba har ƙarƙashin gado. In ka samu hita, na ba ka ita da kunun gobe duka.”

Na shiga kuwa, don rashin kunya. Kurfoti na gani da buhun gawayi.

Malam Bitrus bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Maƙwabci, dutsen gugarka kaso nawa ka sa masa?”

Na ce, “Biyu.”

Ya ce, “Zo mu gaisa da mita.”

Ya sa kowa ya kashe kayansa. Ya ce a kunna fanka ɗaya. Faifan ya fara tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ya ce to je ka jona dutsenka. Modibbo, ina jonawa na fito na tarar da faifan nan yana gudu kamar an biyo shi. Gidan ya fashe da dariya. Maman Rifkatu ta riƙe haɓa ta ce, “Ashe hitar a hannun mai rabon kaso take!” Tun daga ranar har suka tashi, in ta gan ni sai ta ce, “Ina kwana, mai kaso biyu?”

A take na ba ta haƙuri, a gaban ɗaki tara, na biya bambancin wata biyun, na koma wa gawayina. Ka lura da wannan, zan dawo kansa: maƙwabciya na ba haƙuri a tsaye, ban ji komai ba.

Darasin wuta gajere ne. Ba girman abu ke cin wuta ba, zafinsa ne. Duk abin da aikinsa ya yi zafi, dutsen guga, hita, butar lantarki, risho na wuta, tankin ruwan zafin nan da na gani maƙale a banɗakinku, su ne masu ci. Bayansu sai masu inji, firji da injin jan ruwa. Ƙwai da cajin waya, waɗannan yara ne, kada ka tsaya faɗa a kan an bar ƙwai a kunne alhali butar shayinka ta cinye na ƙwai ashirin. Na ga kayan ɗakin Zainabu da aka jera, akwai firji, akwai butar lantarki, akwai abin gasa burodi. Iyayenta sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Kada ka hana ta amfani da kayanta. Ku dai san abin da kowanne ke ci. Ku kunna su ɗaya-ɗaya ku tsaya gaban mita, za ta nuna muku. Sannan kowace safiya kafin ka tafi makaranta ka duba lambar da ta rage, kwana bakwai a jere, ka san na yini ɗaya. Ka tuna kuma makon da aka wuni ana ɗauke wuta ba shi ne ma'auni ba, don abin da mita ta bar maka, gawayi da cajin waya a shago za su karɓa.

Gas kuma, ranar da aka cika tukunya ka rubuta kwanan wata a jikinta da alli. Ranar da ta ƙare ka ƙirga. Sau biyu za ka yi ka san tsawon ranta. Mu sai da tamu ta mutu ranar Sallah da tuwo a kai, ga surukai a falo, sannan na koyi wannan. Innarka ta ƙarasa a murhun maƙwabta da sabon leshinta. Kada buhun gawayi ya yanke a gidanka ko da gas cike. Wake da ganda ba abincin gas ba ne.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa da takarda: mai kwashe shara, 'yan sintirin unguwa, karo-karo in taransifoma ta ƙone. Ga azumi, da firji ba ya hutawa. Ga baƙi. Kai yanzu kana da falo a Low-Cost, duk ɗan'uwan da ya zo Gombe ganin likita ko bin takarda, daga Dukku ko daga ƙauyenmu, gidanka zai sauka, kuma ba za ka ce masa ya yi wanka da rabin bokiti ba. Ku biyu ne, amma ka yi lissafin mutum uku. In baƙo bai zo ba, Allah Ya kawo na goyo.

Yanzu bari in gaya maka abin da na yi ba da saninka ba.

Ranar Talata da ka ba ni makulli in kai labulayen da na wanke na goge, na isa da hantsi. Na rataya su, na zagaya ɗakunan, komai a kashe, ko ƙwai ba a ɗaura ba tukuna. Zan fita sai idona ya kai kan mitarka a baranda. Jar fitilar nan tata tana ƙiftawa da sauri-sauri. Gidan da babu kowa, babu komai a jone. Na koma na bi makunnai ɗaya bayan ɗaya, duk a kashe. Na dawo, tana nan tana ƙiftawa. Sai na cire takalmi na zauna a dandamalin barandar, na ce ni da ke yau.

Ina zaune na ji wani ɗan gurnani daga bayan gida. Na fi rabin awa a wurin. Can sai tankin sama ya cika ya fara zuba, wata mata ta fito daga wani sashen gidan ta danna wani abu a bango, gurnanin ya tsaya. Na waiwaya, fitilar mita ta yi tsit.

Ban yarda da gani ɗaya ba, na taɓa zargin mutum a kan gani ɗaya. Ranar Alhamis na rufe shago na koma. Aka kunna inji, ta fara. Aka kashe, ta tsaya. Modibbo, injin da ke jan ruwa daga burtsatse zuwa tanki, wanda sashe huɗu na gidan ke sha, a kan mitarka yake.

A bakin get na tarar da maƙwabcinka Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana ba shukokinsa ruwa. Muka gaisa, na ce ni ne mahaifin angon. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Mahaifi ko abokin ango?” Muka yi dariya. Na tambaye shi wanda ya tashi daga sashen naka.

Ya ce, “Yaron kirki ne, ma'aikacin banki. Amma kullum faɗa da matarsa a kan kati. Ya sa na wata, kwana goma ya ƙare. Yana cewa tana wuni da hita, tana rantsuwa. Har ta yi yaji sau biyu. Mu dai muna ba su haƙuri.”

Na ce, “Baba, zo mu gaisa da mita.”

Na sa ya kunna injin da hannunsa, na nuna masa. Dattijon nan ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, “Kai! Shekara biyu muna shan ruwa da hawayen yarinyar nan ba mu sani ba.” Ya ce sashen naka a da ɗan mai gidan ne a ciki, shi ya sa aka ja wayar daga nan, da ya tashi kuma ba wanda ya tuna. Ban ga alamar mugunta ba, mantuwa ce. Amma mantuwar da a aljihunka za ta riƙa kwana, a bazara kuma injin nan sau biyu ko uku zai yi aiki a yini.

Ban je wurin mai gida ba. Gidanka ne, kai za ka je. Ka je kafin a kawo amarya, ba bayan ba. Ka tafi da Baba Yohanna, ya ce a shirye yake. Ka yi sallama da ladabi, kada ka shiga da “an cuce ni”. Ka ce ga abin da aka gani, ana neman shawara. Ko a ba injin mitarsa daban kowa ya riƙa sa kati, ko a bar shi a taka a auna abin da yake ci a mako a raba huɗu. In an raba, a rubuta, kowa ya sani. Kuma kada ka yarda a ce maka ai ɗan ƙaramin inji ne. Ni na san abin da ɗan ƙarami ke yi.

Tun da na dawo ranar Alhamis nake tunanin yarinyar nan da ban taɓa gani ba, matar ma'aikacin banki. Tana rantsuwa ba a yarda ba. Sai in ga Zainabu a wurinta, 'yar mutane da aka ba mu amana, wata uku da aure kana tsaye kanta kana tambaya ina kati ya tafi. Kai ɗana ne, na san zuciyarka mai kyau ce. Tawa ma ba mummuna ba ce ranar da na ɗauki gawayi. Aljihu ne ya matse, na rasa inda zan kai kuka, na kai kan wadda ba za ta rama ba.

Ga roƙona na ƙarshe, kuma shi ne mai wuya. Na ce maka zan dawo kan maganar haƙuri. Maman Rifkatu na ba ta haƙuri a gaban ɗaki tara a kan takardar wata biyu. Innarka, da na ja wa layi wata biyu tana shayar da kai, har yau bakina bai buɗe ba. Na saya mata atamfa, na haƙa mata rijiya a gidan nan, na sa mata tanki, duk ina cewa ai ta gane. Wataƙila ta gane. Amma ba a faɗa mata ba. Jiya na ga tana wanke kwanukan bikinka, ga tanki cike, ta tare ruwan ɗauraya a bokiti ta ajiye gefe. Har yanzu ba ta iya zubar da shi.

Ka san ba ta karanta boko. Kafin ka bar gidan nan, ka samu lokacin da ƙannenka suka tafi makaranta, ka zauna kusa da ita ka karanta mata wurin duron nan, daga inda na ɗauki gawayi har inda na goge. Kada ka gyara, kada ka tsallake. In ka kai ƙarshe ka ce mata, Malam ya ce jarka biyar ɗin shi ne, tun ranar ya sani, ta yafe masa. Ni ina shago. In ta ce a kira ni, ka aiko, zan bar ko rigar waye a kan tebur in zo.

Allah Ya yi maka albarka, Modibbo. Allah Ya sa gidanka ya zama mai ruwa a bazara da damina, mai haske ko an ɗauke wuta. Ya tsare ku daga gobara da ciwo da bakin mutane, Ya ba ka arzikin da zai ishi baƙonka, Ya ba ka harshe mai taushi ranar da aljihu ya yi tauri. Ka gaida Zainabu, ka ce mata Baba ya ce ta cika bokitinta har baki.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mai Guga